Martani: Ƙaramin Akwatin Kwamfuta da Zafin Mayahi

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda yake ba matasanmu masu son haɗa kwamfutar tebur shawara game da akwatin da ya kamata su saya. A cewarsa, tun da shagunanmu ƙanana ne, teburanmu ma ba su da faɗi, to a nemi akwati mafi ƙanƙanta, irin wanda ake sa wa allon Mini-ITX. Ya ce akwati ba ya ƙara wa kwamfuta gudu ko kaɗan, saboda haka wanda ya fi araha shi ne daidai, in kuma an dace da wanda ya zo da na'urar raba wuta a cikinsa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Har ya ƙara da cewa mai gefen gilashi da fitilu masu launi yana jawo abokan ciniki. Da a ce maganar ta tsaya ga mutanen Yamai masu ofis da na'urar sanyaya ɗaki, da na bar shi da su. Amma ya kira Mayahi da Tasawa da suna, ya ce shawarar tasa da mu ta fi dacewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Bari in ba shi haƙƙinsa tukuna. Mai buga takardun makaranta da katin ɗaurin aure ba shi da wani dalili na ajiye ƙaton akwatin da ya kai masa gwiwa. Kuma ɗan kuɗin da ke hannun matashi ya fi amfani in ya tafi ga RAM da SSD. Duk wannan na yarda. Sai dai tsakanin a ce wa mutum kada ya yi almubazzaranci a kan akwati, da a ce masa ya ɗauki mafi ƙanƙanta mafi araha, akwai tafiya mai nisa, Malam marubucin kuwa da taki ɗaya ya tsallake ta.

Wa ke sayen kwamfutar tebur a Mayahi? Mai sakatariya ne da ke bakin meri ko kusa da makaranta, yana buga takardun neman aiki da na ƴan jarrabawar BEPC. Mai ɗaukar hoton katin shaida ne. Mai tura waƙoƙi da wa'azi da fina-finan Kano ne a waya da memori. Akwai mai haɗa bidiyon biki, akwai wakilan kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza. Gundumar Mayahi ta haura mutum dubu 500 tun a ƙidayar 2012, galibinsu kuma a karkara suke, ta wajen Kanembakashe da Sarkin Hausa da Isawan da Atantane da Gidan Amumun, ranar kasuwa suke tattaro ayyukansu su shigo gari. Kwamfutar irin wannan mutumin tana kunne daga hantsi har bayan isha'i, cikin shagon bulo mai rufin kwano, ƙofa a buɗe tana kallon titi. Ranar da ta tsaya, cinikin ranar ya tafi, wanda ya taso daga ƙauye kuma ba zai jira ba, shagon gaba zai shiga. To akwatin da za a zaɓa wa wannan bawan Allah, da wannan yanayin za a auna shi.

Zafi shi ne abu na farko, kuma Malam bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Fanka ba ta ƙera sanyi. Iskar da ke cikin ɗaki take ɗiba ta hura wa ƙarfen da ke manne da furosesa. Saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma sai ya ƙara shi. Masu gwada akwatuna a Turai da Amurka, waɗanda Malam ya dogara da alƙalumansu, a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwajinsu. Mu ɗauka furosesa ya kai digiri 75 a wurinsu cikin ɗan ƙaramin akwati, suka ce lafiya lau. Kawo wannan injin cikin shagon kwano a watan Afrilu, iska tana digiri 42, ka yi lissafi da kanka: ya kai 95. A nan ne da yawa daga cikin furosesan Ryzen na AMD ke fara rage gudu don kare kansu, na Intel kuwa galibi a 100. Wato kwamfutar da aka saya don sauri, da azahar sai ta koma jan ƙafa, mai ita yana zargin birus, yana biyan kuɗin sake sa Windows, alhali numfashi ne ya gagare ta. Hatta manyan kamfanoni irin Dell da HP, in ka duba takardun kwamfutocinsu na ofis, digiri 35 za ka ga sun rubuta a matsayin iyakar zafin ɗakin da injin zai yi aiki. Mu kuwa daga Maris zuwa Yuni kusan kullum da rana muna haye wannan iyaka. Tun kafin a kunna ta ma mun riga mun ci bashin zafi.

Furosesa ma da sauƙi, tun da ya san yadda zai kare kansa. Waɗanda ke mutuwa shiru su ne kafasita, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan babban allo da cikin na'urar raba wuta. Masu ƙera su suna da ƙa'ida sananniya: duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Wadda za ta yi shekara 8 a wuri mai sanyi, a ƙara mata digiri 10 ta koma 4, a ƙara wasu 10 ta koma 2. Shi ya sa masu gyara a yankinmu suka saba da ganin kafasita ta kumbura. Kowa ya san bambancin ɗakin kwano marar taga da wanda ke da tagogi biyu masu kallon juna a lokacin bazara. Akwatin da Malam ke yabo shi ne ɗakin farko, an kuma cusa murhu a ciki.

Ba zancen baki kawai nake ba. Ɗauki SilverStone SG13, ɗaya daga cikin ƙananan akwatunan da aka fi sani da araha, lita 11.5 ne duka cikinsa. Na'urar raba wuta a saman furosesa take zaune, sararin da ya rage wa fankar furosesa milimita 61 ne. Dole ka sa gajeriyar fanka, ita da na'urar raba wutar suna rububin iska ɗaya. Akwati ne mai kyau ga wanda aka yi shi dominsa. Akwatin microATX na yau da kullum kuwa, kamar Cooler Master Q300L, yana karɓar fanka mai tsawon kusan santimita 16, yana da wurin ɗaura fankoki masu milimita 120 a gaba da baya. Babbar fanka tana tura iska mai yawa tana juyawa a hankali. Ƙaramar fanka sai ta yi ta kuka kafin ta tura rabin wannan, kuma abin da ke gudu kullum shi ke riga lalacewa.

Sai ƙura. Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Kaba ya san ƙasarmu jigawa ce. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu hazon hunturu ne, mai laushi kamar gari, yana shiga ko'ina. Ana gab da damina kuma ga iskar da ke zuwa gaban hadari, ta turnuƙe gari kafin ɗigon ruwa ya sauka. Tsakanin waɗannan, kowace mota da kowane kabu-kabu da ya wuce ƙofar shago yana barin nasa rabon. Ƙurar nan tana taruwa tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya furosesa har ta zama kamar bargo. A faffaɗan akwati za ka buɗe gefe, ka riƙe fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa, ka hura da abin hura iska, cikin ɗan lokaci an gama. A ƙaramin akwati sai ka fara kwance na'urar raba wuta, ka zare wayoyi, wani lokaci har faifan ajiya, kafin ka ga inda ƙurar take. Aikin da ke buƙatar kwance rabin inji ba a yin sa. Mai shago zai ce gobe, goben ta zama wata shida.

Akwai wata dabara da Malam bai faɗa wa masu karatunsa ba, wadda ta fi duk wani ado amfani a nan. Ana so iskar da fankoki ke shigarwa ta fi wadda suke fitarwa yawa. Misali biyu a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa. In aka yi haka, iska tana tunkuɗa kanta waje ta kowace kafa, ƙura ba ta samun hanyar saɗaɗowa ta tsaguna, sai ta ƙofa ɗaya, ta gaba, inda ka sa mataci. In aka juya lissafin, fanka ɗaya tak a baya tana zuƙa, to kowane rami na akwatin ya zama ƙofar ƙura. Yawancin akwatuna masu araha haka suke zuwa daga kamfani, fanka ɗaya a baya. Shi kansa Q300L ɗin da na ambata haka yake zuwa, kuma ramukan gabansa ƙanana ne, iska ba ta ratsa su yadda ake so sai an ƙara masa fankoki. Ba talla nake masa ba. Abin da ya sa ya cancanci ambato shi ne matatansa da maganaɗisu suke mannewa, yaron shago zai ɓamɓare su ya kakkaɓe ya mayar ba tare da sukurdireba ba. Mataci kuwa in ya toshe ba a wanke ba, gara babu shi. Don haka abin tambaya wurin saye shi ne: fanka nawa zan iya ɗaurawa a gaba, kuma matacin yana fita da hannu?

Wani abin da littattafan Turawa ba sa kawowa: masu rai. Tsaka tana son ɗumin na'urar raba wuta, in ta shiga ta haɗa wayoyi biyu, ita da na'urar tare suke tafiya. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu, kyankyaso ma ba a bar shi a baya ba. Ramukan bayan akwati da aka ɓalle marfinsu, a toshe su. Kuma kada a ajiye akwati a ƙasa. Ko bulo biyu da katako ne a ɗaga shi, domin ƙurar da ke daɓe ta fi ta kan tebur nesa ba kusa ba.

Mu koma kan babbar hujjar Malam, wato ƙarancin wuri. Na ɗauko ma'auni. Q300L faɗinsa santimita 23 ne, tsawonsa daga gaba zuwa baya bai kai 39 ba. Cooler Master NR200, wanda shi ne ƙaramin akwatin Mini-ITX da ya yi suna tun fitowarsa a 2020, faɗinsa santimita 18.5, tsawonsa wajen 37 da rabi. Bambancin faɗi santimita 4.5 ke nan, yatsu uku. SG13 kuwa faɗinsa ya haura santimita 22, kusan daidai da na microATX ɗin, tsayi da tsawo ne ya rage. Lita ake ƙirgawa a talla, ana cewa wannan 33, wancan 18, wancan 11.5, sai mutum ya ɗauka ya samu rabin tebur. Amma galibin abin da aka rage sama ne, sama kuwa ba a biyan hayarta. Abin da ke cinye teburin mai sakatariya shi ne injin buga takarda da na fotokofi da na leda. A kan yatsu uku ne Malam ke son mu sayar da iska.

Batun araha ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Akwati ba shi kaɗai ake saye ba, shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga cikinsa. Allon microATX, wanda Intel ta fitar a 1997, santimita 24.4 ne kowane gefe. Mini-ITX, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001 don ƙananan injuna masu cin wuta kaɗan, santimita 17 ne. Mutum zai zaci ƙarami ya fi araha. A kasuwa akasin haka ne. Alluna mafi sauƙin kuɗi a duniya, irin masu H610 ko A520, kusan dukansu microATX ne, saboda su ake ƙerawa da yawa. Mini-ITX mai irin wannan ƙarfin ya fi tsada, ga shi gurbin RAM biyu ne kawai, gurbin ƙarin kati ɗaya. Ƙananan akwatuna da dama, ciki har da NR200, an tsara su ne don ƙaramar na'urar raba wuta ta SFX, ita ma ta fi ta yau da kullum tsada. Akwatunan kansu, Q300L ya fito a wajen dalar Amurka 40, NR200 a wajen 80. In ka tara, ƙanƙantar da aka ce za ta rage maka kuɗi ita ce ta ƙara shi a wuri uku. Wanda yake ƙirga jaka-jaka kafin ya haɗa kuɗin inji bai kamata a ɓoye masa wannan ba.

Inda na fi jin zafin makalar shi ne inda ya yabi akwatin da ke zuwa da na'urar raba wuta kyauta, wadda masu gyara a nan ke kira alimantasiyo. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan wurin kuwa har kisa take yi. Irin wannan alimantasiyo za ka ga an rubuta wat 500 a jikinta, ka ɗaga ka ji ba nauyi, saboda an rage duk abin da za a iya ragewa a ciki, har da sassan da ke katse wuta in ta wuce kima. Na ƙwarai ana auna ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50, masu araha a digiri 25, zafin da shagonmu ba ya gani sai da asubar hunturu. Ta ƙwarai in wuta ta yi tsalle, kanta take kashewa ta bar sauran kaya lafiya. Ta banza kuwa tana tafiya da babban allo da faifan ajiya, da duk hotunan bikin mutane da ke ciki.

Kuma wace irin wuta muke ba ta? Yankin Maradi da Damagaram da Tawa, kuran ɗinsa galibi daga Najeriya yake shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta bisa takunkumin CEDEAO, ba a maido ta ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni masu shaguna da yawa sun koma gurup, wato janareto, da sola, wasu har yau ba su bar su ba. Wutar ƙaramin gurup tana hawa tana sauka da nauyin abin da aka jona mata: a kunna fotokofi, ta durƙusa, a kashe, ta zabura. Alimantasiyon da ke jure haka ita ce wadda aka rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240. Ita ya kamata a saya daban, da kuɗinta, a sa mata ondila, wato UPS, ko da ƙarama ce. A kula kuma da tsofaffin injunan da suka fito daga Amurka masu ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. In yana kan 115 aka jona shi a wutarmu ta 220, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ya kamata kowane mai saye a Mayahi ya fara yi: in ta lalace, ina zan samu wata? Daga nan zuwa Maradi kusan kilomita 90 ne ta Cadawa. Abin da babu a Maradi sai Kano, titin Beirut ko Farm Centre, a ƙetare ta Ɗan Isa da Jibiya, a canza sefa zuwa naira, ko a ba direba saƙo a zauna jira. Rufe iyakar Binin a 2023 ya sa kayan da ke bi ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo. A irin wannan hali, darajar kaya tana ga yawansa a kusa da kai. Tsarin ATX da Intel ta fitar a 1995 yana da wata falala da ba a cika faɗa ba: fuskar alimantasiyonsa, santimita 15 da 8.6, da ramukan kusoshinta huɗu, ba su canza ba shekara talatin. Duk mai gyaran da ke da gawar tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin benci zai iya ciro maka wadda za ta zauna daram a akwatinka, ka ci gaba da aiki kafin sabuwa ta iso. Je ka nemi SFX a Tasawa ranar kasuwa. Akwai ƙananan akwatuna masu karɓar alimantasiyon ATX, irin SG13 ɗin da Thermaltake Core V1 mai babbar fanka ta milimita 200 a gaba, kuma in dole sai Mini-ITX, Core V1 ya fi kusa da hankali a ƙasar zafi. Amma allon da ke ciki har yanzu baƙo ne. Ya ƙone, sai oda.

Gilashi ba zan ɓata masa tawada da yawa ba. Abokin ciniki takardarsa yake son karɓa da wuri, bai zo kallon fitila ba. Gaban gilashi yana toshe iska, gefen gilashi kuwa in ya sha jijjiga a bayan mota ko ya taɓa siminti da kusurwa, warwatsewa yake gaba ɗaya, kuma ba mai yanka maka wani. Kuɗin fitilun a sayi fankoki biyu. Da Malam ya yi magana a kan ramukan USB na gaba, da ya fi taimakon mutane. Mai tura fina-finai yana soka waya da kilen USB yana zarewa yini guda, kuma ramin akwati mai araha shi ne farkon abin da ke saki. A duba ko akwai mai shuɗin harshe, USB 3.0, wanda a ƙa'ida ya ninka tsohon sau goma a gudu. A kuma danna ƙarfen gefe da yatsa. In yana lotsawa kamar gwangwanin madara, bakinsa yana yanka, to zai yi ta karkarwa da faifan ajiya a ciki, faifai mai juyawa kuwa ba ya son jijjiga. Shi mai tura fina-finai ma, da yake faifai biyu ko uku yake buƙata, tsohon akwatin ofis mai gurabe da yawa ya fi masa duk waɗannan na zamani, domin Q300L babban faifai ɗaya kawai yake ɗauka.

To wanda da gaske ba shi da wuri fa, ko wanda a kan sola kaɗai yake aiki? Shi kam bai kamata ya haɗa komai ba. Ya nemi ƙaramar kwamfutar ofis da aka yi amfani da ita, irin Lenovo ThinkCentre Tiny ko HP EliteDesk Mini ko Dell OptiPlex Micro. Girmansu wajen lita ɗaya ne, ana iya ɗaure su a bayan allon kallo, furosesan yawancinsu wat 35 yake ci, cajarsu ta wat 65 a waje take kamar ta laftof. In wuta ta yi ɓarna, galibi cajar ce ke tafiya, ita kuwa ana samun irinta wurin masu laftof. Marfinsu da kusa ɗaya yake buɗewa, sai dai suna son a riƙa hura su akai-akai, don fankarsu ƙarama ce. Injiniyoyin kamfani ne suka auna zafinsu da iskarsu tare, ba haɗin gambiza ba ne. Don buga takarda da aika kuɗi da tura waƙa sun isa har da saura. A lura da abu ɗaya: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesan Intel na zubi na 8 take farawa. Saboda haka a nemi irin M720q ko EliteDesk 800 G4 ko OptiPlex 3060 zuwa sama.

Na tsakiyarsu, siraran kwamfutocin ofis da suka cika kasuwa, su ma suna aiki, amma kada wani ya saye su da niyyar kwashe kayan cikinsu ya zuba a sabon akwati kamar yadda wasu ke yi. Tun daga jerin OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, Dell ta bar fulogin wuta mai ƙafa 24 da kowa ya sani ta koma nata mai ƙafa 8, HP ma tana da nata. Alimantasiyonsu sai irinsu. Sauƙin abin dai shi ne suna da yawa, ana samun gawarsu.

Malam, ban ce ƙaramin akwati abin banza ba ne. An yi shi ne don mai ɗaki mai sanyi, mai tsayayyar wuta, wanda in kaya ya lalace yau gobe wani ya iso ƙofar gidansa, kuma ya yarda ya biya ƙarin kuɗi don sha'awa. Matashin da ya sayar da buhunan gero ko ɗan rago ya haɗa jarin sakatariya ba ya cikin wannan sahu. Shi abin da ya dace da shi, in haɗawa zai yi, akwatin microATX ne na ƙarfe, mai raga a gaba, mai mataci da ke fita da hannu, mai karɓar alimantasiyon ATX da aka saya daban, da fankoki biyu na milimita 120 suna shigar da iska. In wurin ne babu, ya sayi ƙaramar ta ofis a haɗe. Ina roƙon Malam ya janye shawarar akwati mai alimantasiyo kyauta tun kafin wani ya bi ta, masu gyaran Mayahi da Tasawa kuma su riƙa faɗa wa masu saye gaskiya kafin a biya kuɗi.